Sabuwa Dal, Sun Sa Mata Zarto

Alhaji, gyara zama, ka ajiye kofin shayin nan kada ya zube maka a riga. A wata ƙasa can ƙuryar arewacin duniya da ake kira Aislan, mutum da hankalinsa yakan je ya biya kuɗin Toyota Hilux ko Land Cruiser sabuwa dal, ledar kujera ma ba a cire ba, ya zarce da ita gareji ya ce a yanke. A ɗauko abin yankan ƙarfe a zagaye bodin da ke saman tayoyin nan huɗu a zubar. A kwance tayoyin kamfani, waɗanda ko ƙura ba su sha ba, a jingine su a bango, a ɗaura wasu masu tsayin inci 38 ko 44. Inci 44 ya haura mita guda, yaro ɗan shekara biyar in ya tsaya kusa da ita kai da kai suke. Mai mota ya biya kuɗin wannan ɓarna, ya yi godiya, ya tafi yana murmushi.

Na ji salatin da ka saki. Ka ce kuɗi ne suka yi wa bawan Allah yawa, ya rasa ramin zubawa. Malam da ke gefenka ya gyara zaman tabarau ya ce, to shi ya fi injiniyoyin Japan sani ne? Hajiya daga ciki ta ce Allah sarki matarsa. Abokin wasana Bakano kuwa bai ce uffan ba, ya riga ya zaro kalkuleta yana lissafin nawa zai ci in an sayar masa da tayoyin da aka jingine.

Malam, da kai zan fara, don tambayarka ta fi kama da ta mai hankali. Injiniyoyin Japan sun san aikinsu, ba mai musu. Sai dai mota guda suka ƙera wa duniya duka. Hilux ɗin da manomi ke loda wa tumaki a Ostireliya, ita ɗan kwangila ke kutsawa da ita cunkoson Bankok, ita ma'aikatan agaji ke yawo da ita a Maiduguri. Dole su raba gardama. Kada taya ta yi girma ta sha mai, kada ta cika ƙugi a kwalta, kada ta yi tsada, kada motar ta yi tsayin da ba za ta shiga garejin gida ba. Sai suka tsaya a wajen inci 30, wadda ba ta ɓata wa kowa rai ba, ba ta kuma burge kowa ba. Ba wanda ya zauna a ofishin Toyota yana tunanin wani mai taurin kai da zai tashi ranar Asabar ya ce sai ya hau Vatnajökull.

Vatnajökull ɗin nan wani malalen ƙanƙara ne da ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar, a wasu wurare kaurinsa ya doshi kilomita guda, ga duwatsu masu aman wuta kwance a ƙarƙashinsa. Mutanen Aislan ba su wuce dubu 400 ba, kuma kusan dukkansu a bakin teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar fayau take, ba gari ba ƙauye, hanyoyinta na tsakuwa ne, kogunanta da yawa ba gada. Daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba ake buɗe hanyoyin, sauran shekara dusar ƙanƙara ta binne su. Ka shiga dusar nan da tayar kamfani mai iska talatin da ’yan kai a gejin mai faci, tayar ta yanka ta lume, cikin motar ya zauna daram, tayoyi na ta juyawa a banza. Ka ƙara wuta, ka ƙara haƙa wa kanka rami.

Dabarar da ta bazu a tsakaninsu tun shekarun 1980 ita ce a nemo taya mai tsayi da faɗi, in an iso dusa a sauka a sace iskar. Daga talatin a sauko goma, biyar, uku, har ƙasa da haka in dusar ta yi laushi. Tayar ta baje, tafinta ya miƙe, nauyin mota ya rarrabu a fili mai yawa, sai ka ga ƙarfe sama da tan biyu yana lallaɓawa a kan abin da mutum da ƙafarsa zai nutse har cinya. A sannu ake tafiyar, wani lokaci da ƙyar motar ke wuce mai tafiyar ƙasa, don garaje shi ke binne ta. Ƙaramar taya in ka yi mata irin wannan sata, wili ne zai dira a ƙasa. Babbar kuwa tana da gefe mai tsawo da zai lanƙwashe ya ɗauki kayan. Ga dalilin zarton nan, Malam. Ba a yanki bodin don ƙeta ba, wurin zama aka nema wa taya.

Na hango mutanen Agadas suna dariya ƙasa-ƙasa, don su wannan karatu tuni suka sauke shi. Direban da ke ɗaukar hanyar Dirku da Bilma ta cikin Tenere, da zarar ya bar ƙasa mai tauri ya fuskanci rairayi, sauka zai yi ya rage iska. Ga faifan ƙarfe na shimfiɗa wa taya ɗaure a gefe, ga jarkokin mai da na ruwa an yi musu mazauni, ga sifirin an ƙara don kaya. Ba wanda ya taɓa kiransa mahaukaci, gwani ake ce masa. Bature ya yi irin nasa a kan farar ƙasa, shi ne kuka ce a nufi asibitin Dawanau da shi.

Amma fa babbar taya ba ta zuwa ita kaɗai, da danginta take tafe. An yanke bodi ta shiga, sai a tarar in an karya kwana tana gugar bayan ƙofa, sai a matsar da aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu. An gama wannan, sai injin ya fara nishi, don juya ƙatuwar taya ba wasa ba ne, motar ta koma kamar kullum a giya ta gaba ake tayar da ita. Sai a buɗe cikin aksil a sauya haƙoran ƙarfen da ke ciki da waɗanda za su dawo da ƙarfin. Agogon gudu ya koma maƙaryaci: wanda ya tashi daga inci 31 zuwa 38, in allura ta nuna 80, shi a gaskiya 98 yake yi, ɗan sanda kuma ba ruwansa da bayani. A gyara wannan. Birki ya fara jin nauyi, sitiyari ma haka, shokozoba ta ce ita ma ba da ita ba. Da iska uku taya tana iya suɓucewa daga wili, sai a nemo wili mai faɗi da ke riƙe bakinta gam. Wanda ya sace iska dole ya mayar kafin ya hau kwalta, sai a dasa injin hura taya a cikin motar, masu ƙwazon ma har bututu suke ja zuwa kowace taya don su rage su ƙara daga kujerar direba. Mai ya fara tafiya da sauri, a ƙara tanki na biyu. Tanki ya ƙara nauyi, a koma kan sifirin. Mota ta yi tsayi, a yi mata matakala don kada uwargida ta yi fushi. Bayan duk wannan, hukuma ta ce sai an kawo an yi mata bincike na musamman kafin ta hau titi. Tsugune dai ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Nan Alhaji zai gyaɗa kai ya ce, to ai shi ke nan, larura ce, ƙasarsu ce ta tilasta musu, na janye maganata. Kada ka yi saurin janyewa, ranka ya daɗe, don ni ban ce larura ba. Direban Agadas abincinsa yake nema. Ɗan Aislan ba shi da gona a kan ƙanƙarar nan, ba kanti, ba surukai. In ka cire masu kai ’yan yawon buɗe ido, da masu bincike, da masu aikin ceto, sauran ba wanda ya aike su. A 1983 suka kafa ƙungiyarsu ta masu irin wannan mota, har da masauki suka gina a tsakiyar tsaunuka, don kawai su riƙa zuwa inda ba su da aikin yi. Su suka ƙirƙiro wahalar da hannunsu, sannan suka zauna suna ƙera maganinta. Daɗin abin kuma a nan yake.

Ka dubi yadda yawancin mutanen birni ke cin abinci yau. Mutum ya wuni gaban kwamfuta, ya aika takarda, a maido masa, ya halarci taro, a ɗage taron. Da yamma in ɗansa ya tambaye shi me ya yi yau, sai ya yi ta inda-inda. Tudun dusa ba ya wannan. Ka zo, ka gwada, ka kasa, ka koma gareji ka yi tunani, ka sauya abu guda, ka dawo wani mako. Ko ta hau ko ba ta hau ba. Ba kwamiti, ba sai oga ya sa hannu, ba wanda zai ce da ma ɗan gidan wane ne shi ya sa. Ƙasa ce alƙali, kuma ba ta karɓar na goro. Mutumin da ya daɗe bai ga sakamakon aikinsa da idonsa ba, ranar da motar da ya kwana uku a ƙarƙashinta ta haye inda ta kasa a makon jiya, ihun da zai yi sai ka ɗauka haihuwa aka yi masa.

Ga kuma wani abu da motar zamani ta ƙwace wa mai ita. Buɗe gaban sabuwar mota ka gani, murfin roba ne ya rufe komai, in ta yi tari sai an jona mata kwamfuta. Sunanka ne a takarda, amma ba ka san cikinta ba, aikinka biya ne kurum. Mai gyare-gyaren nan ya ƙi yarda da wannan zama. Ya san kowane noti da ya ɗaure, ya san ƙarar da ke nufin a tsaya da wadda ke nufin a ci gaba, in ta mutu masa a dajin da ba makanike ya san inda zai fara leƙawa. A 2012 wani malamin jami'ar Harvard, Michael Norton, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna mutane sun fi daraja abin da suka haɗa da hannunsu, ko da na kanti ya fi shi kyau. Sai da aka yi gwaji aka rubuta rahoto kafin su yarda. Da sun tambayi kowane mai walda a Fanteka da ya sallame su kafin azahar.

Kuma ba a zuwa dajin nan mutum ɗaya. Mota uku, huɗu, biyar ake jerawa, da rediyon magana a kowace, da igiya, da shebur. Wanda ya maƙale a jawo shi, sannan a yi shekara ana yi masa dariya. Wanda ya zo da sabuwar dabara a taru a kanta ana musu, wannan ya ce banza ce, wancan ya tsuguna yana aunawa a ɓoye don ya je ya kwaikwaya. Rabin abin da ake kira gyaran mota hira ce, ta maza masu neman dalilin taruwa. Kada kuma ka zaci sakaka suke yi. A Aislan laifi ne babba ka sauka daga hanya ka taka ƙasa tsirara, don gansakukar da ke rufe duwatsunsu in taya ta yage ta sai ta yi shekaru gommai ba ta warke ba. A kan dusa da ƙasar da ta daskare kaɗai aka yarda. Wato duk girman tayar, lokacin sanyi take jira ta yi wasanta, inda sawunta zai narke.

Malam bai gamsu ba, na ga alama. To ga wannan. Kamfanin da ya fi suna a wannan sana'a, Arctic Trucks, a 1990 ya fara, kuma a cikin gidan dillalin Toyota na Aislan aka haife shi. Wato masu sayar da motar da kansu suka ɗauki zarton. A 2007 ’yan shirin Top Gear na BBC suka ɗauki Hilux da kamfanin ya gyara, mai taya inci 38, suka tashi daga garin Resolute a arewacin Kanada suka ratsa daskararren teku har wurin da aka auna a 1996 a matsayin inda allurar kamfas ke nunawa. Jeremy Clarkson da James May ne a motar, Richard Hammond ya bi da keken da karnuka ke ja, motar ta riga shi. A hanya taya ta suɓuce, makanike ɗan Aislan ya zuba mata ɗan abin kunna wuta ya ƙyasta, ta yi bam ta koma mazauninta. Wannan kam ban ce ka gwada ba. Daga baya ire-iren motocin suka kai har tsakiyar Antatika, ƙuryar kudu.

A Amurka dutse ne abokin gardamar. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar musu jif sama da dubu 600 da Willys da Ford suka ƙera, sojoji suka dawo gida da ƙaunarta, a 1945 aka fara sayar da ta farar hula. A 1953 wani Mark Smith da abokansa suka ja jif 55 suka bi tsohuwar hanyar Rubicon a tsaunukan Kalifoniya, kusa da tafkin Tahoe. Kilomita 35 ce kacal, amma mutane kan kwana a cikinta, don duwatsu ne wasu sun kai girman ɗaki, ana hawansu taya ɗaya bayan ɗaya, wani na tsaye a gaba yana nuni da hannu. Nan babban maƙiyi yana cikin motar kanta. A tsakiyar aksil akwai wani ƙullin haƙoran ƙarfe, difarenshiyal, wanda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. A kwalta alheri ne. A kan dutse kuwa maci amana ne: taya guda ta rataye a iska, ita zai yi ta juyawa, wadda ke dafe da ƙasa ta tsaya cak. Sai suka sa masa makulli, a danna a ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Suka ƙara giyar rarrafe, suka lulluɓe cikin motar da faranti na ƙarfe, suka dasa injin jan waya a bamba don in ta ƙi a ɗaura wa itace ta ja kanta. Kowane ƙarfe da ka gani, wani dutse ne ya taɓa kunyata mai shi.

Wani Bob Chandler na yankin St. Louis yana da Ford F-250 ƙirar 1974. Duk ƙarshen mako sai ya karya mata wani abu, neman kayan gyara ya ishe shi har ya buɗe shagonsu da kansa. Yana ƙara taya yana ƙara aksil, a 1981 ya hau kan tsofaffin motoci biyu ya murƙushe su don wasa, aka ɗauka a bidiyo. Motar ita ce Bigfoot, daga nan aka samu dodannin motocin da ke cika filayen wasa, masu taya inci 66 da aka aro daga injinan gona. A 1986 ya ɗaura wa wata tayoyi masu tsayin ƙafa 10. Wannan, Alhaji, na bar maka shi, ba zan kare shi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ostireliya kuwa nisa ne da dabba. Hanyar Canning kilomita 1,850 ce cikin hamada, ga kangaru da ke faɗowa titi da magariba. Shi ya sa za ka ga shingen ƙarfe a gaban motarsu, da dogon bututu a gefen gilashi don injin ya shaƙi iska daga sama, nesa da ƙura da ruwan rafi.

Yanzu ka dubi wa ke kwaikwayon wa. A 2003 Jeep ta fito da Wrangler mai suna Rubicon, da makullin aksil gaba da baya daga kamfani, abin da mutane suka yi shekaru suna sawa a garejin gida. Ford ta fito da Raptor ƙirar 2010, kwaikwayon motocin tseren hamadar Baja ta Meziko, tseren da aka fara tun 1967. A 2021 ta dawo da Bronco, kana iya cewa a ba ka ita da taya inci 35 kai tsaye. Duk shekara lokacin Ista, in masu jif suka taru a garin Moab na jihar Utah, taron da shi ma ya faro a 1967, kamfanin Jeep kan kawo motocin gwaji ya baje, injiniyoyinsa na kasa kunne. Waɗanda kuka ce a ɗaure, su ne ake leƙen takardarsu a jarrabawa. Abin dariyar, da kamfani ya ba su inci 35, washegari suka cire suka sa 37.

To, ku sha iska, yanzu zan ba ku naku, don ni ba lauyansu ba ne. Akwai masu yawa da motarsu ba ta taɓa ganin laka ba. An ɗaga ta sama, an jera mata fitilu kamar za a haska filin ƙwallo, ga shebur ɗaure a gefe fentinsa ko ƙwarzane babu, iyakar tafiyarta daga gida zuwa babban kanti. Su kansu ’yan dajin dariya suke yi wa waɗannan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan burga ce mai sauƙi, aljihun mai ita kaɗai take ci. Akwai wadda ba ta da sauƙi. Wasu samari a kudancin Amurka suka ɓullo da ɗaga gaban mota su dusar da bayanta, hancinta na kallon sama, direba ba ya ganin abin da ke gabansa, fitila na dukan idon mai tahowa. Jihar North Carolina ta haramta shi daga Disamban 2021 in gaban ya ɗara bayan da inci huɗu, wanda aka kama sau uku a ƙwace lasisinsa shekara guda, Virginia ta bi sahu a 2022. Wasu kuma suna lalata injin dizal da gangan don ya riƙa tusa baƙin hayaƙi a fuskar masu keke, abin da dokar ƙasar ta hana. A 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta gano motar da hancinta ya haura inci 40 ta fi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100 a kan mai gajeren hanci mai gangara. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, ƙatuwar taya ta fi wuyar tsayarwa. Wanda ya ɗaga mota don dutse ya san me ya saya da me ya sayar. Wanda ya ɗaga don a gan shi a ƙofar makarantar yara, ku zage shi, ni ma zan taya ku.

Hajiya, maganarki tana nan ban manta ba. Gaskiya ne, akwai gidan da aka ɗage gyaran rufi saboda wili huɗu, kuma duk mai irin motar nan ya iya rage farashi in ana tambayarsa a gida. Amma kafin ki gama tausayin matar Bature, leƙa bargar Alhaji. Dokin nan yana cin dawa da harawa wata goma sha biyu, da mai kula da shi, da sirdi, da jalala, da likkafa, da linzamin da aka aiko daga nesa, don fitar kwana nawa a shekara? Ya taɓa kai ki asibiti? Ranar Hawan Daushe kuwa ke ce kan gaba wajen guɗa.

Bakano, matso da kalkuletarka. Lissafinka daidai ne, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Wanda ya zuba miliyoyi a gyara, ranar sayarwa mai saye zai dube shi ya ce shi da ma wadda ba a taɓa ba yake nema, don bai san hannun da ya yi waldar ba. Kamfani na iya janye garantinsa a kan abin da aka taɓa, mai inshora ya ƙara kuɗi. Su ma sun sani, ba wanda ya shiga don riba. Sai dai ka tsaya a gefen da bai dace da kai ba. Ƙungiyar masu kayan ƙawa da ƙarin ƙarfin mota ta Amurka, SEMA, wadda ke baje kolinta a Las Vegas duk shekara, tana lissafin cinikin sama da dala biliyan 50 a shekara, kuma masu a-kori-kura ne kan gaba wajen kashewa. Na ga idonka ya buɗe. Kuma kada ka yi mini fuskar salihai, kai da ka san Golf ɗin nan da ake ƙara wa sifirin har bayanta ya ɗage sama in ba kaya, a loda mata buhunan da kamfanin Volkswagen ko a mafarki bai gani ba. Wa ya sayar da sifirin ɗin in ba ɗan Ƙofar Ruwa ba?

Saura wanda ya yi shiru tun ɗazu yana cewa a ransa shi dai motar kamfani ta ishe shi ko'ina. Allah ya ba ka ikon zuwa Aislan, ɗan'uwa. Ka karɓi ƙaramar jif ta haya a Reykjavik, ka nufi kwarin Thorsmork, ka iso kogin Krossa. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, launin toka, ba a ganin ƙasansa, da safe yana da ladabi, da yamma in rana ta narkar da ƙanƙara ya cika ya sauya hanya. Ya sha cinye motocin masu cewa ai ba zurfi. In ka tsinci kanka zaune a kan rufi, ruwa na shiga ta taga, waɗanda za su zo ’yan Landsbjörg ne, ƙungiyar ceto ta ’yan sa-kai, ba albashi, da cinikin kayan wasan wuta na sabuwar shekara suke samun kaso mai tsoka na kuɗin aiki. Da irin motar nan mai yankakken bodi za su shigo ruwan, bututu a sama, waya a bamba. Inshorar haya kuwa yawanci ba ta ɗaukar injin da ya sha ruwan kogi, daga aljihunka zai fita. Ga ’yan yawon buɗe ido jere a bakin gaɓa kowa da waya a hannu, kafin rigarka ta bushe ’yan unguwarku sun gama kallo a WhatsApp.